Yadda Ake Rarrabe Kalmomin Turanci Biyu Masu Kama da Juna: Misalin "Desert" da "Dessert"

Shekaru masu yawa ke nan ina koyar da Turanci a darasin yamma, ga yara masu shirin WAEC da NECO, da kuma manya 'yan kasuwa da ma'aikata waɗanda suka dawo neman abin da ya kuɓuce musu tun suna ƙanana. Tambayar da aka fi kawo mini ba ta wuce wannan ba: ɗalibi ya rubuta kalmomi biyu a gefen takarda, ya matso ya ce, "Malam, mene ne bambancin wannan da wannan?" Sau tari idan na duba sai in tarar kalmomin ba su haɗa komai ba, ba uwa ba uba. Kama ce kawai ta ido ko ta kunne ta sa suka zame masa tagwaye.

Wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai ta taɓa rubuta mini a insha'i cewa bayan sun ci shinkafa a gidan biki an kawo musu *desert*. Ta san abin da take nufi sarai, amma harafi ɗaya da ta bari ya mayar da abin zaƙi ya koma hamada. Abin ya tsaya mini a rai, domin irin wannan kuskuren ne ke cinye makin yaro kaɗan-kaɗan, bai san ta inda aka rage shi ba. Tun daga ranar nake amfani da *desert* da *dessert* wajen koya wa ɗalibai wannan aiki, kuma su zan bi da kai a nan tun daga farko har ƙarshe. Idan ka iya a kansu, ka iya a kan sauran.

Ka kwantar da hankalinka, aikin nan ka riga ka iya shi da Hausa. Idan aka rubuta maka "gari" ita kaɗai a allo, ba ka da hanyar sanin wanne ake nufi. Amma da zarar an ce "na shiga gari" ko "ta tankaɗe gari", magana ta ƙare, ko ƙaramin yaro ba zai yi tuntuɓe ba. Haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Maƙwabtan kalma su ne ke faɗa maka ko ita wace ce. Abin da za mu yi shi ne mu san maƙwabtan kalmar Turanci kamar yadda muka san na Hausa.

Kayan aiki

Na farko, ƙamus na Turanci zalla wanda aka yi domin masu koyo. Wanda aka fi gani a makarantunmu shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda asalinsa aikin A. S. Hornby ne, wani Bature da ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, kuma kamfanin ɗab'i na Oxford ya fitar da shi a 1948. Na Longman ma yana yi. Abin da ya sa nake nace wa irin waɗannan shi ne suna kawo jimlolin misali a ƙarƙashin kowace ma'ana, suna nuna furuci, suna faɗin ajin kalma. Ɗan ƙaramin ƙamus na aljihu mai ba da kalma ɗaya a madadin ɗaya ba zai yi maka wannan aikin ba.

Na biyu, ƙamus na Turanci zuwa Hausa, kamar na Roxana Ma Newman na 1990 ko na Neil Skinner. Idan kuma kana son ka tabbatar da ma'anar kalmar Hausar kanta, na Bargery na 1934 har yau babu kamarsa wajen yalwa.

Na uku, littafin rubutu guda wanda ka keɓe wa wannan aiki kaɗai, da biro kala biyu, shuɗi da ja. Na huɗu, waya mai intanet, saboda sauraren furuci. Na biyar, abokin karatu wanda zai riƙa yi maka shifta.

Idan ba ka da ƙamus na takarda, Oxford da Longman da Cambridge duk suna da shafukan intanet da ake dubawa kyauta, kuma akwai ɗan hoton lasifika da za ka danna ka ji kalmar. Idan ba ka da waya, ka ari ƙamus a makaranta ko wajen malami ka kwafe bayanin gaba ɗaya da hannu. Idan ba ka da biro ja, ja layi biyu a ƙasa ya wadatar.

Mataki na 1: Ka kwafe jimlar da ka tsinci kalmar a ciki

Kada ka ciro kalma ita kaɗai ka je nema. Ka rubuta jimlar gaba ɗaya a saman shafi, yadda ka gan ta a littafi ko jarida ko takardar jarrabawa. Sannan ka raba shafin gida biyu da layi daga sama zuwa ƙasa, *desert* a hagu, *dessert* a dama. Shafi ɗaya na kalmomi biyu ne rak. Ɗalibai suna son su cusa kalmomi goma a shafi ɗaya don tattalin takarda, ƙarshenta su kasa karanta abin da suka rubuta da hannunsu.

Mataki na 2: Ka ƙirga haruffa

Ka sa bakin biro a kan kowane harafi kana faɗinsa da ƙarfi. Ta hagu haruffa 6 ne, ta dama 7. Ka zagaye wurin da suka saɓa da jan biro: *s* ɗaya a hagu, biyu a dama. Wannan ba ya cin minti guda, amma kada ka tsallake shi, domin ido yana da gaggawa, farkon kalma da ƙarshenta yake kallo ya wuce.

Gargaɗi a nan: kada ka dogara da mai gyaran rubutu na waya ko kwamfuta. Shi aikinsa ya kama kalmar da babu ita a Turanci. Waɗannan kuwa duka biyun kalmomi ne na gaskiya, don haka sau da yawa zai bar ka ka wuce da kuskurenka.

Mataki na 3: Ka karanta bayanin ƙamus har ƙasa

A nan ne mafi yawan masu koyo suke faɗuwa. Mutum zai buɗe ƙamus, ya karanta layin farko, ya ce ya gane, ya rufe. Ka daure ka karanta har inda kalma ta gaba ta fara, kuma ka fara da duba ajin kalmar: suna ce, ko aikatau, ko sifa.

Idan ka yi haka da *dessert*, aikin gajere ne. Suna ce, ma'anarta ɗaya: abin zaƙi da ake ci a ƙarshen cin abinci. Ba ta zama aikatau. Ka rubuta wannan a gefen dama.

Amma *desert* za ta ba ka mamaki, domin ba kalma ɗaya ce ke zaune a cikin rigar ba. Akwai suna mai nufin hamada. Akwai aikatau mai nufin mutum ya gudu ya bar wuri ko mutanen da suke da haƙƙi a kansa, kamar sojan da ya tsere daga bakin aiki ko magidancin da ya yasar da iyalinsa. Akwai kuma ta uku, tsohuwar kalma da ba a cika ganinta ba sai a cikin furucin nan *just deserts*, wato sakamakon da ya dace da abin da mutum ya aikata, abin da Bahaushe zai ce ya girbi abin da ya shuka. Ka ga abin da ka ɗauka kalmomi biyu ne ya zama huɗu. Sai ka raba gefen hagu gida uku, kowace ka ba ta ɗakinta.

Wannan gano ajin kalma da ka yi ya riga ya rage maka rabin wahala. Duk inda ka ga kalmar tana aikin aikatau, tana ɗauke da *-ed* ko *-ing* a wutsiya, ko ta biyo bayan *will*, to *s* ɗaya ce, ba sai ka yi dogon tunani ba.

Mataki na 4: Ka saurari furuci, ka maimaita

Hausa tana rarrabe kalmomi da karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa garin tuwo yake da jan wasali a farko, garin zama kuwa babu. Turanci da danna murya yake yin nasa: gaɓa ɗaya a cikin kalma ita ce ke ɗaukar ƙarfi, sauran su yi rauni. A ƙamus za ka ga wani ɗan gajeren layi a tsaye a sama, dab da gaɓar da ake dannawa.

Mai nufin hamada ana danna gaɓarta ta farko, kusan DE-zat. Aikatau mai nufin gudu a bar wani ana danna ta biyu, kusan di-ZAAT. Abin zaƙin ma di-ZAAT ne, daidai da aikatau ɗin, babu bambanci ko kaɗan a kunne. Ta *just deserts* ita ma haka. Wato kunne zai raba maka hamada da sauran ukun, amma ba zai raba maka sauran ukun da juna ba, sai jimla. Mutanen Amurka suna fito da *r* a ƙarshe, mafi yawan mutanen Ingila ba sa fito da ita, amma wurin danna murya ɗaya ne a duka ɓangarorin.

Akwai kuskure guda da nake gyarawa kowace shekara. Ɗalibi yana ganin *s* biyu sai ya furta su da "s" mai kauri, ya ce di-SAT. A Turanci da "z" ake furta *dessert*, duk da yadda aka rubuta ta. 'Yan uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci su fi kowa kula da wannan, domin a Faransanci ana bambanta su: ta hamada da "z", ta abin zaƙi da "s". Turanci bai riƙe wannan bambancin ba.

Yadda nake sa ɗalibai su yi: ka danna lasifikar ka ji sau uku, ka maimaita sau biyar kana buga tebur da yatsa a kan gaɓar da ke da ƙarfi, sannan ka naɗi muryarka a waya ka saurara. Idan babu waya, ka nemi wanda ka amince da Turancinsa ya furta maka, ka sa jan ɗigo a kan gaɓar a littafinka. Masu shirin jarrabawa su lura cewa wannan tsari na suna a danna farko, aikatau a danna ƙarshe, yana dawowa a kalmomi da yawa kamar *record* da *present* da *object*, kuma ana yawan tambayarsa a sashen furuci.

Mataki na 5: Ka nemo Hausarta, ka kuma lura da inda Hausar ta tsaya

Yanzu ne, ba tun farko ba, za ka buɗe ƙamus na Turanci zuwa Hausa. Dalilin jinkirin shi ne idan ka fara da Hausar, kanka zai rufe a kanta, ba za ka ƙara ganin sauran ma'anonin ba.

Hamada ta yi wa *desert* daidai a mafi yawan wurare, amma ta Turancin ta ɗan fi faɗi. Mu idan aka ce hamada, rairayi da raƙuma da zafin rana ne ke zo mana a rai, irin na Tenere can gaba da Agadas. Masana labarin ƙasa kuwa da ƙarancin ruwan sama suke aunawa, galibi wurin da ba ya samun abin da ya kai milimita 250 a shekara. Shi ya sa za ka ga littafi ya kira Antatika, wadda ƙanƙara ta lulluɓe, da sunan *desert*, kuma bai yi kuskure ba. Ka rubuta wannan a gefe.

*Dessert* ita ce mai wuya, saboda tsarin cin abincinmu daban ne. Ba mu saba jera abinci kashi-kashi a zama ɗaya ba, a fara da wannan a rufe da wancan. Muna da alkaki da nakiya da dubulan da alewa da tuwon madara, amma babu ɗayansu da za a ce shi ne fassarar kalmar. Abin da ya kamata ka kama shi ne kalmar ta fi magana a kan lokacin cin abu fiye da abin kansa. Mangwaron da ka saya a bakin titi da hantsi ka sha, mangwaro ne kawai. Shi wannan mangwaron idan aka yayyanka shi aka kawo bayan an ɗauke kwanon tuwo, ya zama *dessert*. A wajen Turawa yawanci kek ne, ko askirim, ko kastad, ko 'ya'yan itace. A Ingila za ka ji da yawa suna cewa *pudding* ko *sweet* a madadinta. Idan babu kalmar Hausa guda da ta dace, kada ka tilasta, ka rubuta jimla cikakkiya: abin zaƙi da ake rufe cin abinci da shi.

Shi kuma aikatau ɗin, kada ka fassara shi da "bari" kawai. Wanda ya bar gida ya tafi kasuwa bai yi *desert* ba. Kalmar tana ɗauke da zargi, akwai cin amana a cikinta. Yasarwa, ƙaurace wa, tserewa daga bakin aiki, su ne suka fi kusa.

Mataki na 6: Ka tattara maƙwabta

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Ka koma kan jimlolin misali na ƙamus, ka ciro kalmomin da ke zama gaba da bayan kalmarka, ka jera su a ƙarƙashinta da shuɗin biro. Aƙalla biyar ga kowace.

A ƙarƙashin hamada za ka samu *in the desert*, *across the desert*, *the Sahara Desert*, *desert island*. Ka lura *the* ba ta cika rabuwa da ita ba, kuma kalmomin da ke rakiyarta na wuri ne da tafiya: a cikin, ƙetare, ratsa. Haka idan sunan wata hamada ce takamaimai, kamar Sahara ko Kalahari ko Gobi, da babban harafi ake fara ta. Ita Sahara ma kalmar Larabci ce mai nufin hamada.

A ƙarƙashin abin zaƙi za ka samu *for dessert*, *have dessert*, *order dessert*, *dessert spoon*. Maƙwabtanta na ci ne da tebur da cokali. Kuma a *for dessert* babu *the* a tsakani. Wannan ɗan abu shi kaɗai ya isa ya tsamo ka a jarrabawa: idan ka ga gurbi bayan *for* a jimlar da ke maganar abinci, *s* biyu za ka sa.

A ƙarƙashin aikatau za ka samu *desert the army*, *desert his wife and children*, *desert your post*. A bayansa mutum ne ko wurin aiki, abin da ake da nauyinsa a wuya.

Daga nan ka nemi 'ya'yan kowace kalma, su ma maƙwabta ne na jini. Daga ɓangaren *s* ɗaya akwai *deserter*, sojan da ya gudu. *Desertion*, shi gudun kansa. *Deserted*, wurin da mutane suka watse suka bari, abin da muke kira kufai idan gari ne. Da *desertification*, gurgusowar hamada, wadda manoman Yobe da Sakkwato da Damagaram ba sa bukatar a yi musu bayaninta. Dukkansu *s* ɗaya. Ɓangaren *s* biyu kuwa kusan ba shi da zuriya.

Kuskuren da ake yi a wannan mataki shi ne haddace jerin ma'anoni a bar maƙwabta. Na ga ɗalibai da za su karanto maka ma'anar kalma tiryan-tiryan kamar yadda take a ƙamus, amma ka ce su sa ta a jimla sai su yi tsaye. Wanda ya riƙe *for dessert* da *in the desert* a matsayin dunƙule guda ya fi su samun abin amfani, ko da bai iya bayani ba. Idan ƙamus ɗinka bai kawo misalai da yawa ba, ka rubuta kalmar a manemin intanet tare da sunan wata jaridar Turanci da ka yarda da ita, ka kwafo jimloli biyar daga labarai. Ka guji ɗaukar misali daga rubutun mutane a Facebook, can ne kuskuren ya fi yawa.

Mataki na 7: Ka leƙa asali, idan da hali

Ba dole ba ne, amma yana sa abu ya zauna. Manyan ƙamusoshi suna kawo asalin kalma a ƙarshen bayani. Duka biyun ta hanyar Faransanci suka shigo Turanci, kamar dubban kalmomi da suka kwararo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, sai dai saiwarsu daban. *Desert* ta hamada da ta gudu tushensu ɗaya, kalmar Latin mai nufin yasar da abu. Hamada ke nan ita ce ƙasar da aka yasar, ka ga yadda suka haɗu da kufai. *Dessert* kuwa ta zo daga baya, daga kalmar Faransanci mai nufin kwashe kwanuka daga tebur, wato abin da ake kawowa bayan an kwashe. Ita kuma ta *just deserts* 'yar uwar *deserve* ce, cancanta.

Ka yi hattara da ƙirƙiro dangantaka da kanka. Kama a rubutu ba hujja ba ce, kamar yadda garin tuwo bai haɗa komai da garin zama ba.

Mataki na 8: Ka gina jimlolinka, ka gwada musanya

Ka rubuta jimloli uku ga kowace kalma, daga rayuwarka, ba na ƙamus ba. Misali: *My uncle crossed the desert to Agadez.* Ko: *We had pawpaw for dessert.* Ko: *The village was deserted after the flood.* Sannan ka musanya kalmomin ka fassara jimlar da ta fito zuwa Hausa da ƙarfi. Idan ka ji kanka kana cewa kawunka ya ƙetare abin zaƙi zuwa Agadas, kunnenka na Hausa zai ƙi karɓa nan take, kuma wannan ƙin shi ne muke so ya bi ka zuwa Turanci.

Bayan haka ka ba abokin karatunka littafin ya karanto maka jimlolin a hargitse, kai kana rubutawa. Idan ba ka da aboki, ka naɗi jimlolin a waya yau, ka yi wa kanka shifta gobe.

Mataki na 9: Ka ɗaura wa kalmar igiya, ka riƙa waiwayarta

Ka ƙirƙiro abin tuni da Hausa, domin shi ya fi zama. Wanda nake ba ɗalibaina shi ne: Sahara, *s* ɗaya, sukari sosai, *s* biyu. Naka na iya fin wannan, kuma wanda ka ƙaga da kanka ya fi daɗewa a ka. Ka sake duba shafin washegari, sai bayan kwana 3, sai bayan mako, sai bayan wata. Kowane dubi minti biyu ne: ka rufe shafin da hannu, ka faɗi maƙwabtan da ka, ka buɗe ka gani.

Idan ruɗanin daga Hausa ya taso

Akwai kalmomin da ba su yi kama ba ko a ido ko a kunne, amma muna cakuɗa su. Babban misali shi ne *borrow* da *lend*. Kowa ya taɓa jin ɗan makaranta yana cewa *borrow me your biro*. Matakai na 2 da na 4 ba su da aiki a nan, sai ka tsallake su ka tsaya a na 5 da na 6.

Dalilin kuskuren yana cikin harshenmu. Bahaushe da kalma ɗaya yake yin duka biyun: "na ari littafi" da "na ara masa littafi", "na ranci kuɗi" da "na ranta masa kuɗi". Abin da Hausa ta damu da shi shi ne irin abin da za a mayar. Idan shi kansa abin ne zai dawo, kamar tsani ko tukunya, aro ne. Idan madadinsa ne zai dawo, kamar kuɗi ko hatsi, rance ne. Turanci bai damu da wannan ba sam, tsani da kuɗi duk kalma ɗaya. Shi abin da ya damu da shi shi ne ina abin ya nufa. Idan yana zuwa wajenka, *borrow*. Idan yana fita daga hannunka, *lend*.

Saboda haka a shafinka ka zana mutum biyu da kibiya a tsakaninsu. Kibiyar da ta nufo ka, ka rubuta *borrow from* a kanta. Wadda ta bar ka, *lend to*. Sai ka riƙe wannan: duk inda Hausa ta sa "wa" ko "mini" ko "masa" bayan ara ko ranta, Turancinsa *lend* ne. "Ara mini biro" ke nan *lend me your biro*. Idan kuma kana so ka yi amfani da ɗayar, sai ka juya jimlar ta dawo kanka: *can I borrow your biro?* Ka kuma rubuta cewa *lend* idan ana maganar abin da ya wuce *lent* take zama, ba ta karɓar *-ed*.

Haka idan ka lura matsalarka ta baki ce, kamar *pull* da *full* ko *pan* da *fan*, to mataki na 4 ne naka. Ka tsaya gaban madubi: a *p* leɓɓa biyu ne ke haɗuwa su fashe, a *f* haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa.

Shafi na gaba a littafinka ka ba *weather* da *whether*. A bakin mafi yawan Turawa furucinsu ɗaya ne, don haka kunne ba zai taimake ka ba, mataki na 3 da na 6 ne za su yi aikin. Ɗaya suna ce mai tafiya da zafi da sanyi da hadari, ɗayar kuma ƙaramar kalma ce mai haɗa jimla, wadda *or not* ke yawan bin bayanta, daidai da "ko" ta Hausa. Idan ka duba babban ƙamus da kyau za ka ci karo da ta uku, *wether*, ragon da aka dandaƙe, ita ma ka buɗe mata ɗaki a shafin.